Yogar Hutawa Da Sansanin Kwana 5: Za Su Raba Ni Da Ciwon Baya?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni mace ce mai shekara 44, kuma aikina na zama ne a gaban kwamfuta. Na fi shekara guda ina fama da ciwon ƙasan baya, wani lokaci ya lafa, wani lokaci ya taso har sunkuyawa ta gagare ni. An yi mini hoton MRI, aka ce faifai ɗaya na tsakanin ƙasusuwan baya ya ɗan turo kuma akwai alamun zaizayewa, tun daga ranar nake tsoron motsi. Yanzu na ga tallar wani sansani na kwana 5 a bayan gari, inda ake koyar da yogar hutawa, wadda ake kwanciya a kan matasai, da kuma wani irin motsa jiki a hankali da ake lura da abin da jiki yake ji. Shin wannan zai warkar da ni, kuma akwai haɗari a cikinsa?

Amsa: Malama, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kina iya zuwa wannan sansani, kuma akwai kyakkyawan zaton ki dawo jikinki ya yi sakayau, amma kwana 5 ba sa kawar da ciwon da ya shekara yana kai da komowa. Abin da zai raba gardama shi ne abin da za ki ci gaba da yi a gida cikin watanni ukun da za su biyo baya. Idan zaman ya cire miki tsoron motsi, ya kuma koya miki abubuwa uku ko huɗu da za ki iya yi ke kaɗai ba tare da malami a kanki ba, to ya biya buƙata. Idan kuwa an kwantar da ke ne kawai kin ji daɗi, kika dawo kan kujerarki da tsoron da kika tafi da shi, ciwon zai same ki inda ya bar ki.

Kafin maganar yoga, akwai alamomin da idan kina da ko da ɗaya daga cikinsu, asibiti za ki nufa, a ajiye batun sansani tukuna. Mafi gaggawa su ne rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi da kewayen al'aura da dubura, kasa yin fitsari ko kufcewarsa, kufcewar bayan gida, da raunin ƙafafu da ke ƙaruwa, musamman idan duka biyun ne. Waɗannan suna nuna cewa jijiyoyin da ke ƙarshen laka sun matsu, kuma lamari ne da ake ƙirga shi da awoyi, domin jinkiri yana iya barin naƙasa ta dindindin. Bayan su akwai zazzaɓi tare da ciwon bayan, rama ba tare da dalili ba, tarihin ciwon daji ko tarin fuka, ciwon da ya fara bayan faɗuwa ko hatsari, daɗewa ana shan magungunan siteroyid, da ciwon da ba ya sassautawa ko da wane irin kwanci aka yi, har yana hana barci dare bayan dare. Akwai kuma wani nau'i da ake yawan makara wajen gano shi: ciwon da ya fara kafin shekara 45, mai zuwa da sagewar baya da safe fiye da rabin awa, wanda motsi ke saukaka shi, hutu kuma ke tsananta shi. Wannan yana iya zama kumburin gaɓoɓin ƙashin baya, kuma maganinsa daban ne. Ba ki ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, don haka zan ci gaba da ɗaukar cewa ciwonki irin wanda ya fi yawa ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma a kusan kashi 90 cikin 100 na masu shi ba a iya nuna wani ƙashi ko faifai guda a ce shi ne musabbabi. Wannan ya kawo mu ga hotonki, wanda nake ganin ya yi miki illa fiye da amfani, kamar yadda yake yi wa mutane da dama. A 2015 aka tattara sakamakon hotunan bayan mutanen da ba sa jin ciwon komai, sai aka tarar da zaizayar faifai a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, adadin yana hawa har ya kai kashi 96 a 'yan shekara 80, turowar faifai kuma daga kashi 30 zuwa kashi 84. Ma'ana, da za a kama sa'o'inki lafiyayyu a saka su cikin na'urar, da yawansu za a rubuta musu irin abin da aka rubuta miki. Wannan ne ya sa ƙa'idar kula da ciwon baya da Birtaniya ta fitar a 2016 ta hana yin hoto barkatai ga duk mai ciwon baya. Ciwonki gaskiya ne, babu mai musun wannan, sai dai kalmar "zaizayewa" a takardar ba ta nufin cewa bayanki yana gab da karyewa.

Abin da yakan faru bayan irin wannan labari shi ne mutum ya shiga tattalin bayansa fiye da kima. Ya daina sunkuyawa, ya riƙa tashi daga kujera a ƙame, ya riƙe numfashi duk lokacin da zai ɗauki wani abu, tsokar da ke gefe da gefen ƙashin baya kuma ta zauna a ɗaure daga safe har dare. Ki dunƙule hannunki da ƙarfi ki bar shi haka tsawon yini, za ki ga ya yi tsami alhali babu abin da ya karye a cikinsa, haka tsokar baya take yi. A lokaci guda kuma, ciwon da ya wuce mako 12 yakan sa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa su ƙara saurin jin zafi, ta yadda motsin da ba shi da wata illa zai riƙa zuwa da zugi, rashin barci da damuwa kuma suna ƙara rura wutar. An daɗe da gane cewa kwanciya ba ta magance wannan. Wani bincike da aka yi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, aka wallafa a 1995, ya raba masu sabon ciwon baya gida uku, sai waɗanda aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon iko suka riga waɗanda aka kwantar kwana biyu warkewa.

A nan ne yogar hutawa take da gurbi, kuma ya kamata ki san ainihin abin da take yi. Tushenta yana wurin B.K.S. Iyengar, malamin yoga na birnin Pune a Indiya, wanda ya rasu a 2014, kuma ya shahara da amfani da bargo da ɗamara da katako domin masu rauni da marasa lafiya su iya tsayawa a yanayin da jikinsu ba zai iya kai wa da kansa ba. Wata ɗalibarsa Ba'amurkiya, Judith Hanson Lasater, wadda kuma likitar fisiyo ce, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki, ita ce ta tsara wannan ɓangare ya zama darasi mai zaman kansa a shekarun 1990. Tsarin mai sauƙi ne: ana ɗora jiki a wani yanayi, a tokare shi ta ko'ina da matasai da barguna har ya zama babu tsokar da ke aiki, sannan a zauna a haka daga minti 5 zuwa 20. Ba a neman jin jan tsoka ko kaɗan. Idan kika ji wani wuri yana ja, alama ce ta cewa tokarin bai isa ba, sai a ƙara matashi.

Yanayin da na fi ba masu irin ciwonki shi ne wannan. Ki kwanta rigingine a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ki ɗora ƙwaurinki duka biyu a kan mazaunin kujera, ta yadda cinyoyinki za su miƙe sama, gwiwoyi kuma su lanƙwashe kamar kina zaune. Idan bakin kujerar yana cizon bayan gwiwa, ki shimfiɗa bargo a kai. Ki naɗe ƙaramin tawul ki sa a ƙarƙashin kanki har haɓa ta ɗan yi ƙasa da goshi, domin idan kai ya ɗage baya, wuya ba ya saki. Ki ɗora tafin hannu ɗaya a kan cibiya. A minti biyun farko ba za ki ji komai ba sai tunane-tunane da ƙaiƙayin son tashi, amma idan kika daure, za ki lura cewa ratar da ke tsakanin ƙugunki da shimfiɗa tana raguwa da kanta, hannun da ke kan ciki kuma ya fara hawa da sauka sosai. Ki bar numfashin da ke fita ya fi mai shiga tsawo, misali ki ƙirga 4 wajen shaƙa, 6 wajen fitarwa. Bugun zuciya yana raguwa a lokacin fitar da numfashi, kuma tsawaita shi yana karkata jiki zuwa ɓangaren jijiyoyin da ke kula da hutu da narkewar abinci, wanda shi ne ke sa tsoka ta saki. Idan za ki tashi, kada ki zabura ki miƙe tsaye. Ki jawo gwiwoyi, ki mirgina gefe, ki dafa ƙasa da hannu, sannan ki zauna.

Na biyu shi ne kwanciya a gefe da matashi mai kauri tsakanin gwiwoyi har zuwa idon sawu, wani kuma a rungume, wanda ya dace da ranakun da ciwon ya taso ƙwarai. Na uku shi ne durƙusawa a ware gwiwoyi a kwantar da ƙirji da ciki a kan dogon matashi, amma wannan yana lanƙwasa baya gaba, kuma ba kowa yake karɓa ba, kamar yadda zan yi bayani.

Game da hujjar bincike, an gwada yoga a kan ciwon baya sosai, kuma sakamakon ya yi kama da juna. A jihar Washington ta Amurka, binciken da Karen Sherman ta jagoranta a 2011 a kan mutum 228 ya nuna cewa azuzuwan yoga sun fi a ba mutum littafin kula da kai ya karanta, amma ba su fi azuzuwan miƙar da jiki na yau da kullum ba. A shekarar dai, masu bincike na Jami'ar York a Ingila sun bi mutum 313, suka ga waɗanda suka yi yoga sun fi iya gudanar da harkokinsu har bayan wata 12, ko da yake zafin ciwon kansa bai bambanta sosai da na sauran ba. A birnin Boston kuma, a 2017, an kwatanta yoga da ganin likitan fisiyo a kan mutum 320, aka samu yogar ba ta gaza ba. Da ƙungiyar Cochrane, mai auna sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 21 masu mutum 2,223 a 2022, hukuncinta shi ne cewa yoga ta ɗan fi zama babu motsa jiki, ribar ba ta da yawa, kuma kusan daidai take da sauran nau'o'in motsa jikin baya. Illar da aka fi gani ita ce ƙaruwar ciwon bayan, kamar yadda ake samu a sauran motsa jiki. Ƙungiyar likitocin Amurka ta sanya yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin magani a ƙa'idarta ta 2017, tare da taici, wato motsa jiki a hankali na ƙasar Sin, da motsa jiki gaba ɗaya.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne irin yogar da aka gwada. Waɗancan manyan gwaje-gwaje uku sun yi amfani ne da azuzuwan mako-mako na kimanin mako 12, da atisaye a gida, kuma a cikinsu ana tsayuwa, ana lanƙwasa, ana ƙarfafa ƙugu da cinyoyi, hutawar tana zuwa ne a matsayin yanki ɗaya na darasin. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauki sakamakonsu a jingina wa kwanciya a kan matasai zalla, balle a jingina wa zaman kwana 5. Yogar hutawa tana kwantar da jiki, tana gyara barci ga mutane da dama, tana nuna wa mai tsoro cewa bayansa yana iya saki ba tare da wani abu ya faru ba, kuma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Sai dai ba ta gina ƙarfi. Bayan da zai ɗauki yaro ko ya jure zaman awa takwas yana buƙatar tsoka mai juriya, juriya kuma ba ta samuwa sai da ɗora wa jiki nauyi kaɗan-kaɗan. Na sha ganin waɗanda suka ji daɗin wannan yoga har suka mayar da ita sabuwar hanyar guje wa motsi, wato kwanciyar da aka hana su ce suka koma mata da sabon suna.

Motsin da ake lura da jiki, wanda shi ne kashi na biyu na tambayarki, ya fi kusa da abin da kike buƙata. Makarantu uku ne suka fi shahara a wannan fanni. F.M. Alexander ɗan wasan dandamali ne daga Ostireliya wanda muryarsa ke disashewa idan yana gabatar da wasa, sai ya riƙa kallon kansa a madubi har ya gano yadda yake ɗaure wuyansa ba da saninsa ba. Moshe Feldenkrais masanin kimiyyar fiziks ne kuma gwanin judo, raunin gwiwa ne ya kai shi ga nazarin yadda ake sake koyon motsi. Thomas Hanna kuma malamin falsafa ne Ba'amurke wanda ya yi karatu a wurin Feldenkrais, ya tafi a kan cewa tsokar da ta daɗe a ɗaure takan fita daga lissafin ƙwaƙwalwa, mutum ya daina jin cewa a ɗaure take, don haka ba zai iya sakinta da niyya ba. Hanyarsa ita ce a ƙara ɗaure tsokar da gangan, sannan a sake ta sannu a hankali ana bin ta da hankali, irin miƙar da mutum ke yi idan ya farka daga barci.

Ga yadda ake yi a aikace. Kina kwance rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafafu a ƙasa. Yayin da kike shaƙar numfashi, ki ɗan gantsare, ki bar ƙugu ya ɗaga daga shimfiɗa gwargwadon yadda tafin hannu zai shige ƙarƙashinsa, ƙarshen ƙashin baya kuma ya danna ƙasa. Za ki ji tsokar baya ta ɗaure, kuma wannan jin shi ake nema. Daga nan ki sake ta a hankali ƙwarai, a cikin daƙiƙa 8 ko 10, har bayan ya koma ya kwanta, ki huta numfashi ɗaya cikakke kafin ki sake. Yawancin masu ciwo idan suka fara za su tarar sakin ba ya tafiya sumul, yana zuwa da karkarwa ko tsalle, ko kuma gefe ɗaya ya riga ɗaya sauka. Wurin da ya yi tsallen shi ne wurin aikin, sai a rage girman motsin a kuma rage gudu har ya daidaita. Sau 6 zuwa 8 ya isa. Bayan wannan ana iya karkata gwiwoyi biyu dama da hagu a hankali, ba tare da tilasta musu su taɓa ƙasa ba.

Daga cikin makarantun nan, ta Alexander ce take da gwaji mafi girma. A 2008 aka wallafa wani bincike na Ingila a kan mutum 579 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Bayan shekara guda, waɗanda aka bari a kan kulawar da suka saba suna jin ciwo kimanin kwana 21 cikin mako huɗu, waɗanda suka sami darasi 24 kuma nasu ya ragu da kwana 18, kuma darasi 6 da aka haɗa da umarnin motsa jiki sun ba da mafi yawan wannan riba. Ni dai ba na karɓar duk bayanan da malaman waɗannan hanyoyi ke yi, musamman masu cewa akwai tsayuwa ko zama guda ɗaya da shi ne daidai, ko masu danganta kowane ciwo ga wata tsoka guda. Amma aikin kansa yana da ma'ana: motsi ƙarami, marar ban tsoro, wanda ake maimaitawa har ƙwaƙwalwa ta daina ɗaukar lanƙwasa baya a matsayin haɗari.

Haɗarin da kika tambaya ba shi da yawa, amma ya danganta da irin bayan. Masu matsalar faifai sukan fi jin ciwo idan sun zauna ko sun sunkuya, su ji sauƙi idan sun tsaya ko suna tafiya. Idan haka naki yake, ki yi hattara da dogon zama a yanayin da ke lanƙwasa baya gaba, musamman da sassafe, domin faifai yana shan ruwa cikin dare ya kumbura, wanda shi ya sa mutum yake ɗan fin tsawo da safe, kuma a wannan lokaci sunkuyawa ta fi matsa masa. Sansanoni kuwa suna son fara darasi da fitowar rana, don haka ki ɗan yi tafiya tukuna kafin ki hau shimfiɗa. Tsofaffi masu tsukewar hanyar jijiyoyi akasin haka suke, gantsarewa ce ke tayar musu da ciwo, sunkuyawa ta ba su sauƙi. Mai raunin ƙashi, wanda ya fi yawa ga mata bayan ɗaukewar al'ada, ya guji matsananciyar sunkuyawa da murɗa baya da ƙarfi, domin suna iya murƙushe ƙashin baya. Mai hawan jinin ido ya guji duk yanayin da kai ke yin ƙasa da zuciya, mai juna biyu kuma da cikinta ya tsufa ta kwanta a gefe maimakon rigingine. Ma'aunin da za ki riƙe shi ne wannan: ɗan ƙarin tsami da ya lafa cikin awa 24 ba matsala ba ne, amma ciwon da ke gangarawa daga baya zuwa cinya da ƙwauri, ko ƙafa ta fara mutuwa, yana nufin ki dakata da wannan motsin nan take.

Shi kuma zaman waje, akwai dalilin yarda cewa yana da amfani. Tun a 1984 Roger Ulrich ya duba bayanan waɗanda aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti a jihar Pennsylvania, ya ga waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun sha magungunan kashe zafi masu ƙarfi ƙasa da waɗanda tagarsu ke kallon bango, kuma sun riga su komawa gida. Wani nazari na 2019 a kan kusan mutum 20,000 a Ingila ya samu cewa masu yin aƙalla minti 120 a mako a wurare masu itatuwa ko ruwa sun fi bayyana cewa suna cikin ƙoshin lafiya, ko da yake irin wannan nazari yana nuna tafiyar abubuwa biyu tare ne, ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan. A ganina, babban abin da sansani ke yi wa mai ciwon baya ba wani sirri ba ne. Yana raba shi da kujera, yana sa shi tafiya a ƙasa, yana ba shi barci a kan lokaci, yana ɗauke masa hayaniyar aiki. Tafiyar ce ma take da hujja mafi ƙarfi a cikinsu. Masu bincike na Jami'ar Macquarie a Ostireliya sun wallafa a 2024 cewa, cikin mutum 701 da ba su daɗe da farfaɗowa daga ciwon baya ba, waɗanda aka tsara wa tafiyar ƙasa tare da wayar da kai sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo, sauran kuma kwana 112. Wannan ba ya buƙatar zuwa ko'ina.

Idan kin yanke shawarar zuwa, ki tambayi masu shirya zaman ko suna karɓar bayanin lafiyar kowa kafin ya zo, wane horo malamin yake da shi a kan masu ciwo, mutum nawa ne a aji, awa nawa ake yi a rana, da kuma nisan asibiti mafi kusa. Wanda bai tambaye ki komai game da ciwonki ba kafin ya karɓe ki, ko ya yi miki alkawarin mayar da faifai mazauninsa, ko ya ce ki ajiye magungunanki, bai cancanci ki miƙa masa bayanki ba. Ki faɗa tun farko cewa ba ki yarda a danna ki ko a murɗa ki da hannu ba. Tun da yoga ta taso ne daga al'adun addini na Indiya, wasu wuraren suna haɗa darasin da rera wasu kalmomi, wasu kuma motsa jiki ne zalla kamar yadda ake yi a asibitoci, kuma haƙƙinki ne ki san wanne ne kafin ki biya. Sauran abubuwan ƙanana ne amma su suka fi ɓata wa mutane zama: doguwar tafiyar mota zuwa wurin, wadda ya kamata ki riƙa tsayawa kina taka ƙasa a cikinta, jaka mai nauyi, baƙuwar katifa, da sanyin ƙasa da ke sa tsoka ta ƙame idan an daɗe a kwance a waje, don haka ki tafi da shimfiɗa mai kauri da mayafi. Mafi yawan waɗanda ciwo ke tasar musu a sansani zumuɗi ne ke jawo musu, domin wanda ya shekara ba ya motsi ba zai tashi rana ɗaya ya yi awa huɗu don ganin na kusa da shi yana yi ba. Ki halarci rabin darussan a ranakun farko.

Ko kin je ko ba ki je ba, tsarin da nake ba ki shawara a kai na mako 12 ne. Kowace rana ki yi minti 10 na motsin da na kwatanta, da yamma kuma minti 10 zuwa 15 ƙafafu a kan kujera. Ki fara tafiya daga abin da kike iyawa ba tare da ciwon ya tashi ba, ko da minti 10 ne, ki riƙa ƙara kaɗan kowane mako har ki kai minti 30 sau 5 a mako, a inuwar bishiyoyi idan da hali. A wurin aiki ki riƙa miƙewa bayan kowane rabin awa, domin daɗewa a yanayi ɗaya ya fi siffar zaman illa. Daga mako na uku ko na huɗu ki shigo da ƙarfafawa sau biyu a mako: ɗaga ƙugu daga kwance, tashi da zama daga kujera ba tare da dafawa ba, miƙa hannu da kishiyar ƙafa kina durƙushe a kan gwiwoyi da tafuka, sannan a hankali ki koma ɗaukar kaya daga ƙasa, daga marasa nauyi. Wannan mataki shi ne ya fi dacewa likitan fisiyo ya duba ki ido da ido ya daidaita miki shi. Kada ki sayi ɗamarar baya, kada kuma ki yarda da na'urar jan ƙashin baya ko magunguna dangin tramadol, domin ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 ba ta goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba ga daɗaɗɗen ciwon baya irin naki. Ciwon zai taso wasu ranaku a cikin waɗannan makonni, kuma idan ya taso ki rage yawan abin da kike yi na kwana biyu ko uku ba tare da kin daina gaba ɗaya ba. Idan mako 12 suka cika ba ki ga canji a barcinki ko tsawon zaman da kike iya yi ko nisan tafiyarki ba, ko kuma ɗaya daga alamomin gaggawa ta bayyana a kowane lokaci, ki koma wurin likita a sake duba ki.